Barewar Nan Taka Kurma Ce? Tarihin Baka Da Tsirkiya A Ƙasar Birnin Gwari

Wannan karon ku yi mini afuwa, ba ci gaban labari na kawo muku ba, wani bashi ne da ya daɗe a wuyana nake so in sauke, don mai bashin ya riga mu gidan gaskiya, kuma na lura in ban rubuta abin nan yanzu ba to zai bi ni kabari kamar yadda mafi yawansa ya bi shi.

A shekarar 2005 na fitar da wani littafin yaƙi, irin waɗanda muke bugawa kashi-kashi mu kai wa 'yan kasuwa a Kano. Kusa da ƙarshen kashi na biyu jarumina ya ɓata a daji yunwa ta kama shi, sai ya hangi barewa tana kiwo, ya zaro kibiya daga kwari ya ɗana ya saki. To don in nuna muku ƙarfin damtsensa sai na rubuta cewa ƙarar tsirkiyar bakansa sai da ta tashi duk tsuntsayen dajin, ta amsa a cikin duwatsu kamar tsawa, kuma wai duk da haka kibiyar ta sami barewar a tsaye kanta a sunkuye ta kayar da ita. A lokacin gani nake na yi gwaninta. Babu wanda ya yi mini gyara a cikin abokan rubutu, haka ma mai buga mini a kwamfuta, haka ma ku da kuka saya kuka karanta.

Mai gyaran yana can Tsohon Birnin Gwari, kan hanyar da ta tashi daga sabon gari ta nufi Funtuwa. Yayan mahaifiyata ne, maharbi ɗan maharbi, bai yi boko ba, amma wani jikansa yakan karanta masa littattafaina da dare a zaure, wai don ya ji abin da ɗan ƙanwarsa yake ci da shi a birni. Da na je babbar sallar da ta zo a Janairun 2006, hunturu ya kankama, bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, barewar nan taka kurma ce?"

Na ce, "Wace barewa, Kawu?"

Ya ce, "Ta cikin takarda. Wadda tsuntsu na kan itace ya ji ƙara ya tashi, ita tana tsaye tana jiran kibiya kamar amarya."

Mutanen zaure suka fashe da dariya, ni kuwa na ce ai labari ne, Kawu. Bai ce mini komai ba, ya miƙe ya shiga ɗaki ya fito da bakansa. Tsawonsa ya kai mini kafaɗa, icen ya yi baƙi ya yi sheƙi saboda shan hannu da mai, kuma kunnuwansa biyu an ɗan tanƙwara su waje, wato suna kallon inda kibiya za ta. A jikin tsirkiyar, sama da ƙasa, akwai wasu 'yan tuntaye biyu na fatar zomo da gashinta, waɗanda tun ina yaro nake ganin su ina zaton laya ce. Ya kwance su ya ajiye, ya ɗana kibiya ya harbi jikin wani tsohon rumbu. Tsirkiyar ta ce "fanng", ragunan layya biyu da ke ɗaure a turke suka zabura har ɗaya ya kusa tsinke igiya. Ya bari suka natsu, ya mayar da tuntayen nan ya ɗaure, ya sake harbi. Wannan karon abin da na ji bai wuce a ce mutum ya bugi matashin kai da tafin hannu ba. Ragunan suka ɗaga kunne kawai suka ci gaba da tuƙa. Ya ce, "To ka gani. Tsirkiya mai surutu ba ta cin nama." Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin, a bakinsa da kuma a littattafan tarihi.

Sai mu fara da garin kansa, don wanda ya san Birnin Gwari ta labaran rediyo na shekarun nan kawai ba zai san irin garin da ake magana ba. Birni ne mai ganuwa, a da yana cikin ƙasashen kudancin Katsina, yankin nan da ake kira Katsina Laka, kuma yana kan hanyar fatake masu tasowa daga Nufe da Yawuri su nufi Zazzau da Kano. Ta nan Baturen nan Kyaftin Clapperton ya bi a 1826 a tafiyarsa ta biyu, lokacin da ya taso daga bakin teku zai je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma ya sami garin yana cikin waɗanda suka yi wa Sakkwato tawaye. Garin da ke tsakiyar daji, ga dutse ga kurmi, ga maƙwabta Gwarawa da Kamukawa, kuma ga masu ƙarfi ta kowace kusurwa suna kwaɗayinsa, dole mutanensa su san kwari da baka. Dawaki na sarauta ne da masu hali. Talaka kuwa abin da zai iya mallaka shi ne ice daga daji, kyauro daga bakin rafi, fata daga abin da ya kashe, sai ɗan ƙarfe daga maƙeri.

Kada kuma mai karatu ya raina wannan makami na talaka. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. To me ake tsoro har a lulluɓe doki da mahayinsa da bargon auduga a cikin zafin ƙasar Hausa in ba kibiya ba? A Tafkin Kwatto, cikin Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi dawakinsu ba su wuce 20 ba, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, suka tari barade masu lifidi na Sarkin Gobir Yunfa suka kore su. Kuma kusan shekara 100 bayan nan, a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903, ranar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, shugaban rundunar Turawa Manjo Marsh kibiya mai dafi ce ta kashe shi, alhali yana tare da bindigogi masu ruwan harsashi. Birnin Gwari ma ta ga nata rabon, don a 1899 Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse ya ci garin, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka jawo sojojin Lugga suka auka wa Kwantagora a 1901.

Sai dai a nan ne na gane inda kuskurena ya samo asali. Mu marubuta bakan yaƙi muka sani, shi ma a ji. A fagen fama babu wanda ya damu da ƙarar tsirkiya, ga tambura ga kakaki ga ihu ga haniniyar dawaki, in ma ƙarar za ta firgita abokin gaba ai riba ce. Har ma tsofaffin marubutan Sin sun kawo labarin wani sarkin makiyayan arewacinsu mai suna Modu, wajen shekara 209 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya yi kibiya mai fito, duk inda ya harba ta mayaƙansa su bi wurin da ruwan kibau. Wannan shi ne bakan yaƙi, shelar kansa yake yi. Bakan maharbi kuwa akasin haka ne, kuma ni na ɗauki na farko na damƙa wa mutumin da ke neman abincin dare.

Dalilin da ya sa shiru ya zama dole ga maharbi lissafi ne mai sauƙi, ko ni da na tsaya a sakandare na iya yin sa. Sauti yana cin mita kusan 340 a daƙiƙa ɗaya. Kibiyar bakan ice kuwa da ƙyar take cin mita 50. Wato ƙarar ta fi kibiyar sauri kusan sau bakwai. In dabba tana nesa da kai mita 30, ƙarar za ta isa kunnenta cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kibiyar kuwa sai ta haura rabin daƙiƙa tana tafe. To rabin daƙiƙa a wurinmu ba komai ba ne, amma a wurin gada ko batsiya rayuwa ce. Kuma dabbar ba tsalle take fara yi ba, durƙushewa take fara yi don ta tattaro ƙarfin ƙafafunta, sai kibiyar da aka auna haƙarƙari ta wuce ta saman gadon bayanta. Kawu bai san mita ba, amma haka ya kwatanta mini da hannu, ya ce gada ƙasa take fara yi kafin ta yi sama, shi ya sa maharbin kirki yake auna ƙasa da inda yake so. Shekaru bayan haka na ga hoton bidiyo da maharban Amurka suka ɗauka suka rage masa gudu, barewarsu tana yin daidai abin da tsohon nan ya nuna mini a zaure.

Maganin farko ba a jikin baka yake ba, a ƙafar maharbi yake. In ka rage tazara zuwa mita 10, kibiya za ta isa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, kafin dabba ta gama jin ƙarar ta yanke shawara an gama. Wannan shi ne asirin burtu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shi, kan tsuntsun nan baƙi mai dogon baki da maharbi yake ɗaurawa a goshi, ya lulluɓe jiki da baƙin zane ya sunkuya yana tafiya yana sassara ƙasa kamar mai kiwo. Namun daji sun saba ganin burtu yana yawo a tsakaninsu ba ya cutar da su, sai su ƙyale shi ya matso. Yara suna ɗaukar abin wasa ne ko tsafi, alhali dabara ce ta cin tazara. Sai kuma iska, wadda dole ta buso daga dabba zuwa gare ka, shi ya sa za ka ga maharbi yana ɗibar ƙura ko toka yana saki.

Na biyu ita kanta tsirkiyar, wasu su ce tsarkiya. Ta Kawu fata ce aka yanka siririya aka jiƙa aka murɗa aka shanya da nauyi a rataye har ta daina miƙewa. Fata kuwa tana da rai ko bayan mutuwar mai ita. Da damina takan sha laima ta saki, muryarta ta dushe amma ƙarfinta ya ragu. Da hunturu takan bushe ta ɗaure ta yi tsauri, sai ta riƙa ƙara kamar garaya, kuma hunturu da bazara su ne lokacin farauta, lokacin da aka ƙone ciyawa daji ya buɗe. Shi ya sa yake shafe ta da man kaɗe, ba don kada ta tsinke kaɗai ba, har don ta yi laushin murya. Ya kuma nuna mini yadda yake ƙara mata murɗi in ta saki. In ka murɗa ta sai ta gajarta, sai tazarar da ke tsakaninta da cikin baka ta ƙaru. In tazarar nan ta yi kaɗan tsirkiya takan mari ice ta mari hannu, in ta yi yawa baka ya wahala kibiya ta rasa gudu. Akwai wani wuri a tsakani da bakan yake yin shiru, kuma kowane baka da nasa, da kunne ake nemo shi. Maharban Ingila na da da dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe suke auna wannan tazara, masu gasar harbi na yau kuwa da ma'auni suke yi, santimita 22 zuwa 24 a babban baka, amma su ma daga ƙarshe murɗawa suke yi suna harbi suna saurare, kamar dai Kawu.

Na uku kibiya. Wannan ne ya fi ba ni mamaki, don ni a zatona kibiya mara nauyi ita ce mai kyau. Ashe ƙarfin da mutum ya tara a jikin baka lokacin da ya ja, in ya saki dole ya tafi wani wuri. Abin da kibiya ta ɗauka ta tafi da shi, shi ne amfani. Abin da ya rage sai ya zauna a jikin ice da tsirkiya ya zama rawa da ƙara. Kibiya mai nauyi takan kwashe mafi yawa, sai baka ya yi shiru, mara nauyi kuwa ta bar saura mai yawa, sai baka ya yi kuka. Shi ya sa maharba suka hana a ja baka a saki ba kibiya. Mu yara an ce mana in ka yi haka ka harbi aljani ne, gaskiyar maganar kuwa ita ce duk ƙarfin a ice zai ƙare, yana iya tsagewa. Kibiyarmu ta ƙasar Hausa gajeriya ce, jikinta kyauro, kuma galibi ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta Turawa da nake ta zanawa a bangon littattafaina, nauyin ƙarfen da ke gaba shi yake miƙar da ita.

Sai tuntayen nan da na zaci laya. Tsirkiya in an sake ta rawa take yi gaba da baya, rawar nan ita ce ƙara. In aka ɗaura mata wani abu mai laushi mai gashi, sai ya sha rawar ya kashe ta da wuri, kamar yadda mai molo yake dafe tsirkiya da yatsa in yana so sauti ya tsaya. Ba a tsakiya ake ɗaurawa ba, don nan gindin kibiya yake zama, wajen kashi ɗaya bisa huɗu daga kowane kunne ake sawa. Shi kuma baka mai tanƙwararrun kunnuwa yana da wata matsalar ta daban, wato tsirkiyar tana kwanciya a jikin kunnen, in an saki sai ta dawo ta mare shi, a ji "ƙas" ban da ƙarar rawa. Kawu ya naɗe wuraren nan biyu da tattausar fata. Ya ce tanƙwarar tana ƙara wa baka kaifi, amma kamar mace mai kyau ce mai faɗa, sai ka san yadda za ka zauna da ita. Matan da ke karatu ku yi haƙuri, maganarsa ce ba tawa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na shiga karance-karance sai na tarar mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun faɗa kan dabara ɗaya. Turkawa da Mongol da Koriyawa su ne gwanayen baka mai tanƙwara, suna haɗa shi da ƙaho da ice da jijiya, kuma Koriyawa har yau suna manna 'yar fata a daidai inda tsirkiya take sauka a kan kunnen baka. 'Yan asalin Amurka na yankin Kalifoniya sukan naɗa fatar ƙananan dabbobin ruwa mai gashi a kunnen baka don kashe ƙara. A can ne a 1911 wani mutum da aka sa wa suna Ishi, na ƙarshe a ƙabilarsa ta Yahi, ya fito daga daji, wani likita mai suna Saxton Pope ya zauna da shi ya koyi harbi da sanɗa a wurinsa, ya rubuta littafi a 1923, kuma littafin nan yana cikin abubuwan da suka tayar da farauta da baka a Amurka. Yau a can sana'a ce mai kamfanoni, ana sayar da tuntun ulu da na roba da na fata a cikin leda. Ko bakan zamani mai ƙafafun juyi, wanda wani Ba'amurke Holless Allen ya sami rajistarsa a 1969, kibiyarsa ba ta kai kashi ɗaya bisa uku na gudun sauti ba, don haka su ma ba su tsira daga tuntun Kawu ba. Masu gasar Olamfik kuwa, inda aka dawo da harbi a Munik a 1972, da baka mai tanƙwara suke yi, amma ba su damu da ƙara sosai ba, don allon da suke harbi ba ya gudu. Na zauna ina tunani, mutum ɗaya a Kalifoniya ya sami likita ya rubuta iliminsa. Mu muna da ɗaruruwan irinsa a Birnin Gwari da Kuyambana da Rugu, kuma wanda ya iya rubutu a gidansu yana can yana ƙirƙiro barewa kurma.

Dafi ma yana da hannu a wannan magana, amma ba zan tsawaita ba, kuma ko na san haɗinsa ba zan rubuta ba. Ginshiƙinsa 'ya'yan kwankwani ne, yana tsayar da zuciya. Dangin wannan tsiro ne wani likitan Sukotilan mai suna Thomas Fraser ya tace a wajen 1885 ya fitar da maganin ciwon zuciya. Amfaninsa ga maharbi shi ne ba ya bukatar baka mai tsananin ƙarfi da zai huda dabba ya fita, ya isa kibiya ta shiga ta zauna, sai ya bi sawu. Baka mai matsakaicin ƙarfi kuwa ya fi shiru.

Akwai wani abu da sai daga baya na lura da shi. Kalma ɗaya muke da ita ga igiyar baka da igiyar garaya, duk tsirkiya ce. Garaya da komo kuwa asalinsu kiɗan maharba ne, da su ake zuga su ana kiran sunayen iyayensu da namun da suka kashe. Wato mutumin da ya kwana uku a daji yana lallashin tsirkiya ta yi shiru, shi ne in ya dawo gari zai ba makaɗi cinyar gwanki don ya sa tata ta yi ƙara. Na faɗa wa Kawu wannan ina jin na gano wani abu, sai ya ce, "Ai shi ya sa ba a zuwa daji da makaɗi."

To me ya kashe wannan ilimi? Mutane sukan ce bindiga, kuma da gaskiyarsu, don tun da bindigar toka ta yawaita a hannun maƙera samari suka ga ba sai sun sha wahalar burtu ba. Harsashi ba ya ba dabba rabin daƙiƙar nan. Amma bindiga in ta tashi sau ɗaya daji ya watse, mai baka kuwa in ya kuskure yakan sami harbi na biyu. Sai kuma doka. A 1936 aka keɓe wani babban yanki na dajin ya zama gandun daji na hukumar En'e ta Birnin Gwari, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta mayar da shi Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100, yana iyaka da dajin Kuyambana na Zamfara ta kogin Mariga. An hana farauta a ciki don a tsirar da giwa da gwanki da kanki da sauransu, kuma ni ban ga laifin hakan ba, don namun sun riga sun yi ƙaranci. Hedikwatar masarauta ma ta koma sabon gari a bakin titin Kaduna zuwa Legas, kasuwa da makarantu suka bi ta, samari suka bi su, tsohon gari ya zama na tsofaffi.

Sai abin da ya fi duka. A Oktoban 2012 'yan bindiga suka kashe kimanin mutum 20 a Dogon Dawa da asuba, wasunsu suna fitowa daga masallaci. A Mayun 2018 aka kashe aƙalla mutum 45 a Gwaska. Tsakanin waɗannan da bayansu abin da ya faru ba ya ƙirguwa, dajin da maharba suka sani kamar tafin hannunsu ya koma hannun masu manyan bindigogi, hanyar Kaduna da ta Funtuwa suka zama sai da rakiya ko da addu'a. 'Ya'yan maharba da yawa suka shiga aikin sa-kai don su ne suka san hanyoyin daji, kuma da yawansu ba su dawo ba. Duk wanda ya faɗi a cikinsu ya tafi da abin da ubansa ya koya masa. Kawu ya rasu a 2014 a kan shimfiɗarsa, ban sami zuwa jana'iza ba saboda hanya, kuma tambayoyin da na tara zan yi masa, irin su sunan icen da ya sare bakan da kuma fatar da ta fi yin tsirkiya, suna nan a bayan wani tsohon littafin rubutu ba amsa.

Bayan sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla a Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je aka sake buɗe karar Birnin Gwari, na yi ƙundumbala na shiga mota na je. Jikan nan da yake karanta masa littattafaina yanzu magidanci ne. Na tambaye shi bakan, ya shiga ɗakin da suke tara buhuna ya lalubo shi a bayan tukwane. Icen yana nan lafiya, fatar da ke naɗe a kunnuwa ma tana nan, amma ɓera ya cinye tsirkiyar. Ya ce, "Kawu, bari in ɗaura masa igiyar leda ka gani." Ya samo irin wadda ake ɗinke bakin buhu da ita ya riɓanya ya murɗa, muka taru mu biyu muka tanƙwara bakan da gwiwa muka ɗaura. Akwai sauran kibau uku a kwarin, ƙarafunansu sun yi tsatsa. Ya harbi katanga, igiyar ta ce "fanng", kajin gidan suka watse, wata tsohuwa daga cikin gida ta yi salati tana tambaya ko lafiya.

Na zazzage kwarin a kan tabarma, tuntu ɗaya ya faɗo, gashin ya zube saura kaɗan. Ɗayan ba mu gan shi ba. Yaron ya ɗauka yana juyawa ya ce shi duk zatonsa laya ce, har ya so ya ba ɗansa ya rataya. Na karɓa na auna kashi ɗaya bisa huɗu daga kunnen sama na ɗaura, a ƙasa kuma muka yagi bakin wani tsohon bargo muka ƙulla. Na ce ya ƙara wa igiyar murɗi biyar. Ya sake harbi. Ƙarar ta ragu, amma ba ta kai shirun da na ji a 2006 ba. Muka kwance muka ƙara murɗi uku, muka matsar da tuntun ƙasa kaɗan, muna yi muna saurare har aka kira magariba, kibiya ta biyu ta karye a jikin katanga, muka ajiye ta ukun.